Bushiyar da Baffa Ya Ba Ni Habbanaye

Shekarun baya, lokacin babban farin da ya share mana dabbobi, na taɓa zama makiyayin bushiya. Na san za ku yi dariya, ku yi abinku, ni ma nakan yi. Abin da ya tono mini zancen shi ne wani hoto da ɗiyata ta nuna mini a waya kwanan nan, wai mutanen wata ƙasa ne suka taru a lambu, kowa rungume da bushiyarsa, har da wadda aka ɗinka wa hula. Tana ta ƙyalƙyala dariya, ni kuwa na ce mata ai mun riga su, sai dai namu taron a bakin rijiya ake yinsa, babu hula babu lambu. Ba ta yarda ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Ƙauyenmu yana tsakanin Isa da Sabon Birni. A shekarun nan damina ta riƙa yi mana rowa, mu shuka gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Gari ya fara watsewa. Yayyena suka tafi cin rani kudu, irin cin ranin da ba a sa masa ranar dawowa. Abokaina suka bi su. Yarinyar da nake zuwa zance wurinta ma iyayenta suka ɗaure kaya suka wuce da ita, ban samu ko sallama ba. In ka bi lungu sai ka ga gida bayan gida an jawo ƙaya an toshe ƙofa. Ni aka bari saboda mahaifiyata, ƙafafunta ba za su ɗauki doguwar tafiya ba, ga shi ni ne auta.

Ina saurayi a lokacin, da bakina da surutuna, amma babu wanda zan yi da shi. Mahaifiyata ba mai yawan magana ba ce ko ana ƙoshi, balle ana cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai sun sha jiƙo kafin su ciwu. Wata rana sai in wuni ban furta komai ba in ban da salla da "sannu, Inna". Har na taɓa kama kaina na leƙa cikin rumbunmu da babu ko ƙwaya, na yi sallama, don kawai in ji murya ta dawo mini. Yunwa tana da zafi, amma ni kaɗaici ya fi cina, kuma ba abu ne da za ka kai ƙararsa wurin kowa ba a lokacin da mutane ke neman abin sawa a baki.

Rijiya ɗaya ta rage mana mai ruwa, can bayan gari, inda a da ake shayar da shanu. A nan nake haɗuwa da wani tsohon Bafulatani, sa'an mahaifina, wanda kowa ke kira Baffa. A da in garkensa ya sauko, mu masu tulu sai mu koma gefe mu jira. Farin ya cinye shanun ɗaya bayan ɗaya har bai bar masa ko maraƙi ba. Duk da haka kullum la'asar sai ka gan shi ya taho da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya a bakin komin da shanunsa ke shan ruwa, ya ja wa duk wanda ya zo guga, in rana ta yi ƙasa ya koma. Ba taɓuwa ya yi ba, ƙafarsa ce ta saba da hanyar.

Matsalar ita ce gaisuwa. A wurinmu ba ka gaida makiyayi ka tsallake dabbobinsa. In ka tambayi gida da iyali, dole ka ɗora da "ƙaƙa bisashe?", wato yaya dabbobi. To wa zai iya yi wa Baffa wannan tambaya? Sai mutane suka koma gaishe shi rabi-rabi suna sunkuyar da kai, wasu ma su jira sai ya tafi sannan su zo ɗibar ruwa. Ba ƙinsa ake yi ba, kunya ce. Amma ƙarshenta dai ya zama mutumin da ake kewayewa.

Wata la'asar na iske shi tsugune a bakin komi, ya zuba ruwa ɗan kaɗan, ga ƙwaryar da yake tatsa a ciki ajiye a gefe. Da na matso sai na ga wani ɗan dunƙulen ƙaya ya miƙe, ya fito da hanci, yana lasar ruwan. Bushiya ce ya tsinta a gindin wata busasshiyar geza. Ni kuwa da bakina da ba ya shawara da ni, sai na ji na ce:

"Baffa, ƙaƙa bisashe?"

Ina faɗa na yi da-na-sani. Na ce shi ke nan, na yi wa dattijo izgili da abin da ya fi masa ciwo. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe, sannan ya gyara tsayuwa kamar yadda yake yi a da.

"Lahiya lau, ɗan Bagobiri," in ji shi. "Sun kwan lahiya, ga su sun iso mashaya."

Muka yi dariya har na zauna a ƙasa. Na manta rabon da in ji dariyata.

Ban yi kwana nawa ba ni ma na samo tawa a cikin wani tsohon ramin ɓera, na sa ta cikin rumbu, tunda dai babu abin da yake yi. Mahaifiyata ta leƙa, ta ce to Allah Ya sa albarka, an samu abin ajiyewa. Da la'asar na ɗauke ta a ƙwarya na nufi rijiya. Mahaucin garinmu, wanda ya daɗe bai ga abin yankawa ba, ya gan mu ya yi ta yi mana tsiya, bayan 'yan kwanaki sai ga shi da tasa a cikin hula. Wani tsohon dillalin shanu ya biyo baya, sai wasu dattawa da 'ya'yansu suka tafi suka bari. Babu wanda ya kira taro, babu wanda ya sa masa suna. Kawai dai in la'asar ta yi sanyi sai ka ga manyan mutane masu gemu suna fitowa daga lunguna, kowa da ƙwarya a hannu.

Kuma da tsari muke yi, ba wasa ba. Baffa ya ce mashaya ba a yi mata rububi, don haka layi ake bi, wanda ya riga zuwa tasa ke fara sha. Kowa ya iso sai an yi masa cikakkiyar gaisuwa, har da bisashe, shi ma ya amsa da gaske, ya ce tasa ta ƙi cin abinci jiya, ko ta kwana tana tona. Dillali ya riƙa zagayawa yana yaba wata yana kushe wata kamar yana tsakiyar kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwar Isa. In mahauci ya miƙa hannu zai taɓa ta wani sai a ce a'a, kai dai tsaya daga nesa, mun san sana'arka. Baffa ne ya koya mana yadda ake kama musu gara: ka cika fasasshiyar tukunya da karmami da busasshen kashin shanu, ka yayyafa ruwa, ka kife a kan hanyar gara, da safe ka ɗaga ka same ta maƙil. Kashin shanun ma sai an yi yawo ake samu, na shanun da suka riga suka mutu.

Ni da Baffa kuwa muka shaƙu. In kowa ya watse mu kan ɗan daɗe. Ina tsokanarsa cewa kakanninsa ne suka rushe mana Alkalawa, tsohon babban birninmu na Gobir, ga jikansu ya ƙare a kiwon abin da ba a tatsa. Shi kuma ya ce ai gara shi, ni ko akuya ban taɓa mallaka ba sai da fari ya yi mini arziki. A irin wannan zama ne ya ba ni labarin habbanaye. Al'adarsu ce, in mutum ya rasa dabba, ɗan'uwa ko aboki ya ba shi saniya ya riƙe, ya sha nono, in ta haihu 'ya'yan nasa ne, sannan ya mayar da uwar. Kafin ta haihu mai ita ba ya zuwa karɓa. Ya ce a cikin shanunsa da suka mutu akwai irin wannan saniya, ta wani amininsa ce a ƙetaren iyaka, kuma mutuwarta ta fi masa ciwo a kan duk nasa. Daga ranar bai sake tayar da zancen ba.

Da rani ya yi nisa, anza ma ta fara wuya. Bushiya kuwa nama ce, kowa ya sani, ana cinta tun kafin fari. Sai ya zamana wani zai zo rijiya hannu biyu, babu ƙwarya. Ba a tambayarsa. A gaishe shi a tsallake bisashe, shi ma ya zauna can baya-baya, bayan kwana kaɗan ya daina zuwa. Haka taron ya riƙa raguwa.

Nawa layin ya zo ne lokacin da zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyata. Ta kai ko kunun dusa ba ya zama a cikinta, na ga tana ƙarewa a gabana. Na shiga rumbu na fito da tawa. Ba zan ba ku labarin sauran ba. Ta sha romon, ba ta tambaye ni inda na samo nama ba, ni ma ban faɗa ba, kuma Allah cikin ikonSa ta fara tashi zaune. Ban yi nadama ba, ko yau aka maimaita haka zan yi. Amma na kasa komawa rijiya da la'asar. Sai na koma ɗibar ruwa da hantsi, lokacin da na san babu kowa. Na sake komawa gidan jiya, wuni guda babu mai ce mini ci kanka, kuma wannan karon ya fi zafi, don na riga na ɗanɗana zama cikin mutane.

Ana nan wata safiya na ji sallama a ƙofar gida. Na fito na ga Baffa da sandarsa, da ɗan ƙunshin kaya a baya, da ƙwaryar nan a hannu. Ya ce ɗiyarsa da ke aure a ƙetare, gaba da Burkusuma, ta aiko lallai ya koma wurinta, kuma ya ga ba shi da sauran hujjar zama. Na ce Allah Ya kiyaye hanya. Sai ya miƙo mini ƙwaryar da hannu biyu.

"Wanda bisatai ta ƙare ba a barinai hannu wohi," in ji shi. "Na ba ka wagga habbanaye. In ta haihu, ɗiyan naka na, uwar ka maido min. Amma kullum la'asar ka kai ta mashaya, ba ta saba shan ruwan gida ba."

Na ce, "Baffa, ina za ni ganin ka in ta haihu?"

Ya ce in je kasuwar Burkusuma in tambayi masu sayar da nono, ba za a rasa wanda ya san shi ba. Ya leƙa ya yi wa mahaifiyata sallama daga bakin zaure, ya juya. Na raka shi har bayan gari, ya ce in koma haka nan, rana na yi, kada bisa ta sha zafi.

Da la'asar dole na ɗauki ƙwarya na tafi rijiya, tunda amana ce. Mahauci kaɗai na tarar. Duk garin shi ne bai ci tasa ba, mutumin da muke hanawa ya taɓa namu. Ya dube ni, ya dubi ƙwaryar, ya gane ta. Bai tambaye ni inda na shige ba, ya dai ce ƙaƙa bisashe, na ce lahiya lau. Haka muka ci gaba mu biyu, shi ba gwanin hira ba ne, amma mutum ne, kuma yana amsawa.

Wahalar da na sha a kan bushiyar nan ko mai garke sai haka. Da zafi ya tsananta ta dunƙule ta yi ta barci ba ci ba sha, na riƙa kai kunne ina sauraren numfashinta, ina tsoron kada in zama na biyu da habbanaye ta mutu a hannunsa. Wani maƙwabci ya taɓa yi mini zancenta a kaikaice, ya ce yaransa sun kwana biyu ba su ga maiƙo ba. Na ba shi rabin anzar da muke da ita, na ce waccan ba tawa ba ce. A raina kuwa lissafi ɗaya nake yi: ta haihu, in ɗauke ta in kai wa Baffa, in same shi mu zauna mu yi dariya kamar da.

Allah Ya kawo ruwa. Ƙasa ta yi kore, ƙwari suka fito, bushiya ta farka ta yi ta ci har ta yi ɓul-ɓul. Ni kuwa na ce ciki ne. Na shimfiɗa mata tsummoki a rumbu, ina leƙawa safe da yamma. Mahaifiyata ta ce in ana bukatar ruwan wankan jego in faɗa da wuri ta nemi itace. Shiru-shiru babu haihuwa. Sai na tuna ashe ba a haihuwa babu namiji, na je na roƙi mahauci aron tasa, don ya sha faɗa cewa tasa namiji ce. Muka haɗa su a cikin komi. Maimakon soyayya sai faɗa ya kaure, suna huci suna tunkuɗar juna da ƙaya. Mahauci ya tsaya yana kallo, sannan ya ɗauki ta Baffa, ya tsoma ƙafafunta a ruwa har ta saki jiki, ya ɗaga ta ya duba cikinta.

"Yaro," in ji shi, "wanga namiji na. Abin ga da kake gani tsakiyar ciki ba cibiya ba ta."

Watanni ina renon ƙato ina jiran ya haihu. Na yi dariya har da hawaye, na ce tsufa ya kama Baffa, ido ya tafi. Mahauci bai taya ni ba. Ya ce mutumin da ke hango maraƙi daga nesa ya faɗa maka mace ne ko namiji, ba zai riƙe dabba a tafin hannunsa wata da watanni bai san ko mece ce ba. Daga nan ya ɗauki hularsa ya tafi, ya bar ni da tunani.

Bayan an yi girbi, yayana ɗaya ya dawo, na samu mai zama da mahaifiyata. Ranar kasuwar Burkusuma na rufe ƙwarya da faifai na hau motar 'yan kasuwa. Niyyata in mayar masa da abinsa, in kuma tsokane shi son raina. Masu nono ba su da yawa a shekarar. Na bi su ina kwatanta shi, har wata mata da ta girme ni ta ajiye ludayinta ta dubi ƙwaryar hannuna. Ta mahaifinta ce, ta san ɗinkin da ke bakinta.

Ta ce, "Kai ne Bagobirin da ke riƙe da bisar Baffa?"

Na ce ni ne, Adda, yana ina?

Ta ce ya rasu tun farkon damina, ciwon ƙirji, bai daɗe yana jinya ba. Na tsuguna a wurin, a tsakiyar kasuwa. Ta bar ni na natsu, sannan ta ba ni labari. Ta ce da ya iso, mutanen rugarsu sun yi shirin yi masa irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya rasa komai, a tsallake dabbobi. Shi ya hana. Ya gaya musu yana da bisa guda da ya bayar habbanaye a ƙasar Gobir, a hannun yaron kirki. Bai ce saniya ba ce, su ma ba su tambaya ba, don ba a bin diddigin irin wannan. Ita kaɗai ya gaya wa gaskiya. Har ya bar duniya ana ce masa ƙaƙa bisashe, yana amsawa da lahiya lau, kansa a ɗage, a zauna da shi cikin masu dabbobi.

Na buɗe faifan na ce, "Adda, namiji ne fa. Ba za ta taɓa haihuwa ba."

"Baffa ya sani," in ji ta.

Na tura mata ƙwaryar, na ce to ga gadonsu, ta karɓa. Ta tura mini ita a hankali. Ta ce ya bar wasiyya kada kowa ya je karɓa, kada kuma a karɓa in an kawo, sai ta haihu, haka al'ada ta ce. Ta zuba mini nono a ƙoƙo ta ce in sha kafin in kama hanya. Na sha, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Na dawo da ita gida. Rumbu ya samu gero a shekarar, sai na mayar da ita cikin wata tsohuwar randa. Mutane suka dawo, aka janye ƙaya daga ƙofofi, shanu suka fara saukowa rijiya, ni kuma ina nan da ƙwaryata kullum la'asar ina bin layi a bayan garke. Waɗanda ba su ga farin a gida ba suka ɗauka na samu taɓin hankali, ban tsaya yi musu bayani ba. Ta ƙara shekaru a hannuna kafin tsufa ya ɗauke ta, na binne ta a gindin gezar bayan rijiya.

Na daɗe ina juya abin a raina. Da farko na ɗauka don ni ya yi, ya ga na shige ɗaka, ya nemo dabarar da za ta fito da ni cikin mutane. Daga baya na ce a'a, don kansa ya yi, mutumin da habbanaye ta mutu a hannunsa yana so ya bar duniya a matsayin wanda ya bayar. Yanzu da na kai shekarunsa na daina raba su. Mu biyu ne kowa ya kewaye, ya samo abu guda da ya ishe mu duka.

Yau ina da awakina da 'yan tumaki, gidana cike da hayaniya, wani lokaci har neman wurin shiru nake yi. Amma in la'asar ta yi sanyi, na ji ana kora dabbobi mashaya, kewar tsohon nan takan taso mini sabuwa fil, in rasa wanda zan gaya wa, don duk waɗanda suka zauna a bakin komin nan sun riga mu gidan gaskiya. Ƙwaryar tana nan rataye a ɗakina. Ɗiyata ta sha tambayata ta wace ce, nakan ce mata ta wani ce, ajiya aka ba ni, lokacin mayarwa bai yi ba.